ALƘALAMIN DA YA YI AIKIN BINDIGA

Jawabi a kan Edga Walas, marubucin Ingila, da silimar da anka yi da littafinsa. An yi shi a gaban 'yan kwamiti a Allakaye. Sakatarorin kwamitocin Madawa, Buza, Keita da sauran garuruwan kasuwa su karanta shi da ƙarfi a wurin taro, domin wanda bai iya boko ba shi ma ya ji.



Maganarmu ta yau a kan wani Bature ce wanda ya mutu tun 1932. Bai taɓa zama kumandan ba, bai karɓi lanho ba, bai aiko gardi ya kama ɗan kowa ba. Mai ƙaga labari ne yana sayarwa. Wani zai ce, to, ina ruwan talakan Adar da shi, ga tsadar hatsi, ga samari sun watse bida? Ku ba ni hankalinku kaɗan. Bindiga ita ta ci ƙasa, wannan kowa ya sani. Amma bindiga ba ta iya sa mutanen Turai su yarda cewa cin ƙasar alheri ne, ba ta kuma iya sa wanda anka ci ya raina kansa. Wannan aiki alƙalami da silima sunka yi shi, kuma mutumin nan yana cikin manyan ma'aikatansa.

WANE NE SHI

Turawa suna rubuta sunansa Edgar Wallace. An haife shi a 1875 a wata unguwa ta birnin Landan. Uwarsa 'yar wasan kwaikwayo ce matalauciya, ba ta iya riƙe shi ba, sai wani mai dakon kifi a kasuwa ya ɗauke shi ya goya. Yana da shekara 12 ya bar lakwal, ya shiga tallar jarida a bakin hanya. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: ɗan talaka ne, ya san yunwa, ya san raini.

Da ya girma ya shiga soja, anka kai shi Afirka ta Kudu. Can ya tuɓe kaki ya zama mai aika wa jaridu labarin yaƙin da Ingilishi sunka yi da Turawan Bowa. A 1907 jaridar Daily Mail ta aike shi Kwango. A lokacin nan Kwango gonar mutum ɗaya ce, Sarki Leopold na biyu na Beljiyam, tun 1885. Ana tilasta wa mutane su kawo ƙaron roba, garin da ya kasa cika ma'auni a ƙone shi, a kama mata a tsare, har yankan hannu anka yi. Labarin wannan ta'asa anka aiki Walas ya ɗauko.

Ya komo Landan da bashi a wuyansa, jaridar kuma ta sallame shi. Yana neman abin kai wa baka, sai ya tuna da kogin Kwango. A 1909 ya fara rubuta gajerun labarai a wata mujalla mai araha, a 1911 anka tara su cikin littafi mai suna Sanders of the River, watau Sandas na Kogi. Littafin ya karɓu, ya bi shi da wasu fiye da goma, har zuwa 1928.

Saurin aikinsa abin mamaki ne. Ba ya zama ya rubuta da hannu, faɗa yake yi cikin na'urar ɗaukar murya, magatakarda su buga. Yakan gama littafi cikin kwana uku. Littattafansa sun wuce 170, yawancinsu labarin ɓarayi da 'yan sanda, silimar da anka yi da su kuwa ta wuce 160. Kuɗi sunka shigo kamar ruwa, sunka fita kamar ruwa, don shi mutum ne mai cacar sukuwar dawaki. A 1931 ya nemi kujerar majalisa ya faɗi, sai ya tafi Holiwud ta Amurka. Can ya tsara farkon labarin King Kong, silimar nan ta ƙaton goggon biri wanda baƙaƙen wani tsibiri suke ba hadayar mace. Bai ga fitowarta ba. Ya mutu ran 10 ga Fabrairu 1932 da ciwon sukari da na huhu, ya bar bashi mai yawa. Silimar ta fito a 1933.

ABIN DA KE CIKIN LITTAFIN

Sandas kumandan ne na Ingila, shi kaɗai yana mulkin wata ƙasa mai faɗi ta bakin kogi. Yana da ɗan jirgin ruwa, da bindiga mai ruwa, da bulala, da igiya. In sarki ya yi gardama ya tuɓe shi, in ya ƙara ya rataye shi. Littafin yana nuna wannan duka a matsayin ƙauna, irin ta uba ga 'ya'yansa. Mutanen ƙasar kuwa yara ne manya, masu saurin dariya, masu saurin kisa, ba su da jiya ba su da gobe. In Sandas ya juya baya sai su faɗa wa juna.

Nan ne dabarar Walas take. Ya ga abin da anka yi a Kwango, bai musa ba. Amma darasin da ya fitar shi ne, cutar Afirka mugun Bature ce, maganinta kuwa Bature na kirki. Ko sau ɗaya tunaninsa bai kai ga cewa masu ƙasa su riƙe ƙasarsu ba. Mai zagin ka a fili ka san abokin gaba ne. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai shafa kanka yana cewa yaron kirki, alhali ƙafarsa tana kan wuyanka.

Akwai mutum na biyu cikin labarin, Bosambo. Ɗan fursuna ne da ya tsere daga Laberiya, ya shiga wata kabila ya naɗa kansa sarki da wayo. Sandas ya gane shi sarai, amma ya bar shi bisa gado domin yana da biyayya. Dattawanmu ba su bukatar a fassara musu wannan. Sun ji daga iyayensu yadda anka tuɓe wani anka naɗa wani a zamanin Faransa, abin da ake dubawa kuwa shi ne wa zai tara lanho, wa zai kawo 'yan aikin tilas ba tare da musu ba.

INDA MU MUKE CIKI

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wannan marubuci. Sojojin da suke bayan Sandas, masu ɗaure mutane, masu harbi in an ce su harba, littafin yana kiran su Hausawa. Hafsoshinsu Turawa ne, sajansu kuwa wani ne da marubucin ya kira Abiboo, Habibu ke nan a bakinmu. Miliyoyin mutanen Turai nan sunka fara gamuwa da sunan Bahaushe: mutum mai kaki, mai cewa to, wanda ba a faɗin abin da ya raba shi da gida.

Walas bai ƙago wannan daga iska ba. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara rundunar Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da sunka gudu daga iyayen gijinsu. An kai Hausawa yaƙin Asante a 1873 da 1874. Har sojan Leopold na Kwango, da farko akwai Hausawa cikinsu. Rundunar da Lugga ya ci Kano da Sakkwato da ita a 1903, Turawan cikinta kaɗan ne, sauran baƙaƙe ne. Gaskiya ce mai ɗaci, ba za mu ɓoye ta ba.

Amma ku dubi abin da ya bari bai faɗa ba. Mutumin nan bai zauna ƙasar Hausa ba, bai iya harshenmu ba. Ba za ka samu malaman Katsina da Sakkwato da littattafansu cikin labarinsa ba, ko marinar Kano, ko ayarin gishiri da na goro, ko alƙali da shari'arsa. Ya ɗauki al'umma guda ya rage ta ta koma bakin bindiga. Ƙarya mafi ƙarfi ita ce wadda anka gina da ɓallin gaskiya ɗaya, anka binne sauran.

DAGA TAKARDA ZUWA BANGO

Littafi sai mai karatu. Silima kuwa kowa da idonsa, kuma Hausawa sun ce gani ya kori ji. A 1935 wasu 'yan'uwa biyu, Alexander da Zoltan Korda, sunka mai da Sandas silima, sunka ce a Nijeriya labarin ya faru. Zoltan ya zo Afirka ya ɗauki hoton raye-raye da kaɗe-kaɗe na gaske, sa'an nan sunka gina ƙauyen bukkoki kusa da Landan sunka ƙarasa aikin can.

Ga yadda labarin yake. Sandas ya tafi hutu gida. Wasu masu fataucin giya da bindigogi sunka baza labari cewa ya mutu. Nan da nan ƙasa ta rikice, wani mugun sarki ya kama matar Bosambo, ya kama shi kansa. Ana shirin yanka su sai ga jirgin Sandas, bindiga mai ruwa ta yi magana, lafiya ta komo. Mai kallo zai tashi da abu ɗaya a ransa: ranar da Bature ya tafi, ranar nan Afirka za ta ci kanta.

Wanda ya fito a matsayin Bosambo shi ne Paul Robeson, baƙin Amurka, mawaƙi, wanda ya karanta shari'a, ubansa kuwa bawa ne da ya tsere. An nuna masa hotunan raye-rayen nan, ya yi zaton aikin zai ɗaukaka Afirka, ya yarda. Da anka gama yanka da haɗawa sai ya ga an mai da shi maroƙin kumandan. Ya fito fili ya barranta da silimar. Cikin 'yan cika fage kuma akwai wani ɗalibi da anka biya 'yan kuɗi ya yi shigar sarki. Sunansa Jomo Kenyatta, wanda ya zama shugaban Kenya na farko a 1964. Ku duba, 'yan'uwa: fuska tamu, murya tamu, kiɗa namu, amma almakashi yana hannun wani. Mai almakashi shi ke da labari.

Kada wani ya ce wasa ne, hoto ne a bango. A Amurka an yi wani mai wa'azin coci, Thomas Dixon, wanda ya rubuta littafi a 1905 yana yabon ƙungiyar Ku Klux Klan, masu rufe fuska suna kashe baƙaƙe. A 1915 anka mai da shi silima mai suna The Birth of a Nation, har fadar shugaban ƙasa anka nuna ta. Ƙungiyar nan ta daɗe da mutuwa, amma cikin shekarar nan ta farfaɗo, kafin shekara goma mutanenta sun kai miliyoyi. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, baƙaƙen Amurka sunka biya da jininsu.

ƁANGAREN FARANSA

Wani zai ce, wannan ai na Ingilishi ne, mu Faransa ta mallake mu. To, ku saurara. A 1924 da 1925 kamfanin Citroën ya aiko ayarin motoci takwas sunka ratsa Sahara, sunka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram sunka wuce Cadi. Sun ɗauki hoton mutanenmu, a 1926 anka nuna shi a Faris da sunan La Croisière noire. Jarumin silimar mota ce da Baturen da ke tuƙa ta. Mu kuwa abin kallo ne a gefen hanya.

Shekara 25 kacal kafin wannan ayari, wani ayari ya bi ƙasar nan, na Voulet da Chanoine, a 1899. Sun ƙone garuruwa tun daga bakin kogi, sun yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, nan kusa da mu. Sun yaƙi Sarauniya a Lugu. Da Faransa ta aiko Kanal Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa anka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli, bayan 'yan kwanaki sojojinsu sunka kashe su su biyu a wajen Maijirgi. Wane ne yaro, wane ne mai hankali a cikin wannan labari? Masu silimar zamanin nan ba su taɓa shi ba.

Ba mantuwa ba ce, doka ce ta tsare ƙofa. A 1934 ministan ƙasashen mallaka, Pierre Laval, ya sa hannu a wata doka: ba mai ɗaukar silima a ƙasashen Afirka na Faransa sai da iznin gwamna, sai an duba abin da zai ɗauka. A 1950 wani saurayi Bafaranshe, René Vautier, ya ɗauki hoton garuruwan da anka ƙone da wahalar 'yan ƙwadago, ya sa wa aikinsa suna Afrique 50. An hana nuna shi, anka yanke masa ɗaurin shekara guda. A 1955 ɗaliban Afirka, da Paulin Vieyra a gaba, sun so su yi silima a gida anka hana su, dole sunka yi ta a Faris. Gwamnatin da ta soke aikin tilas a 1946 ba ta saki na'urar ɗaukar hoto ba sai da mulkinta ya ƙare a 1960. Ta san darajarta.

AMSAR DA NAMU SUNKA BAYAR

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Umaru Ganda ɗan Yamai ne, an kai shi yaƙin Indoshin yana saurayi, watau shi ma ya sa kakin nan na Habibu. Da ya samu na'ura sai ya yi Cabascabo, wadda anka nuna a Faransa a 1969: labarin tsohon soja da ya komo gida, abokai sunka cinye kuɗinsa sunka watse, ya ɗauki hauya ya nufi gona. A nan soja yana da suna, yana da baƙin ciki, yana da tunani. A 1972 Ganda ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu, shi ne na farko da anka ba.

Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa yana aikinsa, ya yi wata a 1966 a kan saurayin da ya komo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, sunka hau dawaki sunka addabi garinsu suna kwaikwayon abin da sunka gani a silima. Dariya ce, amma gargaɗi ne.

Abdullahi Mamani kuwa ɗan Sawaba ne. Bayan an hana jam'iyyar a 1959 ya yi gudun hijira, ya zauna Aljeriya, da ya komo ya sha ɗauri. A 1980 ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi silima a 1986, a Burkina Faso anka ɗauke ta, ta ci kyautar Wagadugu a 1987. Ku lissafa: shekara 87 tsakanin yaƙin Lugu da ranar da duniya ta gan shi a bango ta idon baƙar fata.

GADON DA YA BARI

Yau ba kowa ke karanta Sandas ba. A Landan akwai allon tunawa da Walas a wurin da ya yi tallar jarida, Jamusawa kuma sun yi silima da yawa da labaransa na ɓarayi daga 1959 zuwa 1972. Amma ƙirar da ya bari tana nan. Duk lokacin da kunka ga hoton ƙasarmu, yaro da ƙuda a ido, baƙo da farar mota ya zo ceto, mutanen gari suna tsaye ba a tambaye su kome ba, to, Sandas ne ya sake tufafi. Mafi muni kuma shi ne in mu da kanmu munka haddace karatun, har wani ya ce, mu baƙar fata ba mu iya kome sai an tsaya a kanmu. Ranar da ɗan Adar ya faɗi haka, Walas ya ci riba a cikin kabarinsa.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya fara a 1984 da taimakon Italiya, ba mu musun alherin da anka yi. Amma wa ya ɗauki duwatsun nan a ka? Wa ya haƙa ramukan itatuwa a kan fako cikin rana? Yawancinsu matanmu ne, maza suna can bida. Itatuwan da sunka tsare iska a fadamar Majiya, hannun wa ya shayar da su? In ba mu rubuta sunayensu ba, jikokinmu za su ji cewa baƙi ne sunka zo sunka gyara ƙasa mu muna kallo.

ABIN DA KWAMITI ZAI YI

Na ɗaya. Dokar Laval ta mutu, yanzu kusan kowane saurayi yana da na'urar ɗaukar hoto da murya a aljihunsa, cikin wayarsa. Kowane kwamiti ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su zauna da tsofaffin gari su ɗauki abin da sunka ji daga iyayensu: aikin tilas, kamun soja, dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum kwana 15 ba shari'a, yunwa, da yadda anka kafa garin. A nemi izninsu tukuna. A rubuta da boko ko da ajami, a ajiye kofe biyu a gida biyu.

Na biyu. In an taru kallon silima, ta Turai ce ko ta Indiya ko ta Kano, kada a tashi haka nan. Wani ya yi tambaya: wa ya biya kuɗin yin ta, bakin wa anka buɗe, bakin wa anka rufe? Malaman lakwal da na allo su koya wa yara wannan tambaya tun suna ƙanana.

Na uku. Mu tsare bakinmu. Walas ya ɗauki mutane ya mai da su abu ɗaya mai fuska ɗaya. In mun yi wa Buzu haka, ko Bafillace, ko Bazabarme, ko wanda kakansa bawa ne, ko maƙeri, mun ɗauki alƙalaminsa muna rubutu da shi. A kasuwar Allakaye duka muke ciniki, rijiya ɗaya muke sha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa, an ba mu tuta ran 3 ga Agusta 1960. Labarinmu kuwa ba mai miƙo mana shi, sai mun tashi mun ɗauko. Wanda ya ji wannan jawabi ya kai wa wanda bai zo ba. Wanda yake da tsoho a gida ya fara da shi daren yau, don tsoho ba ya jiran taro na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiyanmu lafiya, ya haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.